Turancin baki da na takarda: wa ya taɓa cin karo?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ƙanena ya kawo mini takardar neman aiki in duba masa, sai ga "I wanna apply" a layin farko. Na ce wa ya koya maka? Wai a fim yake ji. Ko akwai wanda irin wannan ta taɓa kayarwa?

Malama Mai Alli:
Ai ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. 'Yan SS3 nake koyarwa, kuma WhatsApp ya gama da hannunsu: "u", "b4", "pls" duk a cikin insha'i. A jarrabawar WAEC kalma 450 ake nema, maki 50 ne, goma daga ciki na tsabtar rubutu, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Kuskure ashirin, goman ta tafi ke nan. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasiƙa zuwa ga aboki, "don't" da "I'm" ba laifi, har ma so ake a gansu. In ga shugaban makaranta ko editan jarida za ta, a rubuta "do not" cikakkiya. Ita kuwa "gonna", jan biro nake zuba mata ko a ina na gan ta.

Baƙon Manchesta:
Ni akasin haka ya same ni. Na ci jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS, na sauka Ingila ina ji da Turancin littafi. Washegari mai shago ya ce mini "You alright?", na ɗauka ya ga alamar ciwo a fuskata, na shiga ba shi labarin murar da sanyi ya sa mini. Bawan Allah ya yi tsuru yana kallona. Ashe gaisuwa ce, kamar mu ce "ya dai?" Sai na fi wata kafin na gane "innit" ɗin nan "isn't it" ce aka tauna.

Maman Biyu:
Malama, mu ma fa haka muke. Muna cewa "na ce mai" ko "na ce mar", amma a rubutu sai "masa".

Ɗan Fagge:
Na mayar masa da ita "I wish to apply". Yanzu yana ta ƙorafi wai na sa ya koma kamar tsohon akawu.