Musayar Waƙa: Bangaskiya ko Shari'a?

Ɗan Auta:
Baba, wata ayar Manzo Bulus a Littafi Mai Tsarki ta hana ni barci,
Romawa 3:28, ga daɗi ga ɗaci.
Wai bangaskiya ke sa a samu adalci,
Ba kiyaye Shari'ar Musa ba, a ranar hukunci.
To azumi da zakkar da na yi, asara na ci?

Baba:
Ɗana, zauna, ka yi kyakkyawar tambaya.
Ɗauki Ibrahim, ka bi sawunsa tun daga baya:
A Farawa 15 ya ba da gaskiya,
Aka lasafta masa adalci tun kafin kaciya.
Shekara 430 suka shuɗe a duniya
Kafin Musa ya sauko da alluna, ka riƙe a zuciya.
Shari'a sikeli ce, ba ta faɗin ƙarya,
Takan nuna maka giɓi, amma ba ta biya.
A Luka 18, mutum biyu a Haikali rana ɗaya:
Wani na ƙirga azuminsa, biyu a mako, ba gajiya,
Mai karɓar haraji na dukan ƙirji can baya.
Shi ya koma gida baratacce, ba mai fariya.

Yaya:
Baba, a gafarce ni, ban gamsu ba.
Wasiƙar Yakubu ai ba ta yi shiru ba:
Ɗan'uwa ya zo tsirara, ko loma bai ci ba,
Ka ce ya sauka lafiya, ba ka ba shi riga ba,
Bangaskiyar nan gawa ce, ba rayayya ba.
Na sha jin "alheri" a bakin da bai daina gulma ba!

Baba:
'Yata, kin taɓo wurin, ba na musu,
Bulus da Yakubu babu faɗa tsakaninsu.
Tuna ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu,
Hannuwa a kafe, wane aiki zai yi da su?
Roƙo ɗaya ya yi, ƙofofin Firdausi aka buɗe su.
Amma da ya sauko da rai, ai da ya mayar wa mutane kayansu.

Malam:
Ku ba ni wuri in sa baki, 'yan'uwana,
Gardamar nan ta girmi kakannina.
Martin Luther a 1517 ya tayar da magana
A Jamus, kan takardun gafara da ake ciniki tsakar rana.
Taron Katolika na Trent ya amsa a 1547, kowa na cewa gaskiya na gefena.
Sai a 1999 a Augsburg aka zauna,
Katolika da mabiyan Luther suka sa hannu: ceto alheri ne, ba ladan gumina.

Ɗan Auta:
Na ji, Baba, yau kam zan yi barci.
Azumin gobe na nan, sai yamma zan ci,
Sai dai na daina ƙirga lada kamar mai kasuwanci.
Yaya, ina da riga biyu, turo mini mabuƙaci.