Ɗango Uku, Hoto Ɗaya: Musayar Waƙa a Kan Haiku

Mai Hoto:
Assalamu alaikum. Yau kwana 63 ke nan kullum da safe nakan ɗauki hoto ɗaya da waya, in rubuta haiku a ƙarƙashinsa. Ga wanda bai sani ba, haiku gajeriyar waƙar Japanawa ce: ɗango uku, gaɓa 5, 7, 5, babu amsa-amo, kuma sai an saka kalmar da za ta nuna lokacin shekara. Hoton yau na mai shayin bakin tasharmu ne, hazo ya rufe titi, tururi na tashi daga tukunya.

Hazo ya sauka
Mai shayi na fifita
Tururi sama

Malam Na-Zaure:
Ɗana, na ga hoton mai shayinka,
Amma waƙar ban gan ta ba.
Ɗango uku ka ce an gama,
Ko gyaran murya ba a yi ba.
Ba bisimilla, ba salati,
Ba ka ce wane ne ya yi ta ba.
Namu baiti da amsa-amonsa,
Wannan ko kari ban ji ba.
Loma uku a bakin mai yunwa,
Ba ta kai a ce an ci ba.

'Yar Damagaram:
Baba Malam, a gafarce ni,
Gishiri kaɗan ne cikin miya.
Karin magana ɗango ɗaya ne,
Kuma yakan kashe gardama gaba ɗaya.
Laifin Yaya Mai Hoto daban ne,
Shi zan faɗa, na ajiye kunya.
Hoto ya nuna hazo da tururi,
Waƙa ta zo ta maimaita, abu ɗaya.
In ido ya riga ya gani, Yaya,
Me kunne zai ɗauka ya kai wa zuciya?
Ba mu abin da waya ba ta kamawa:
Ƙamshi, ko sanyi, ko bashin jiya.

Ga tawa a kan hotonka:

Sanyin asuba
Littafin bashi cike
Ya sake zuba

Ɗalibin Matsuyama:
Baba Malam, Allah Ya ƙara girma, bari in sa baki daga nan Japan. Abin da muke yi yanzu shi ne asalin haiku. Da can taruwa ake yi a yi renga: wani ya ba da baitin buɗewa mai gaɓa 5, 7, 5, wanda ake kira hokku, na kusa da shi ya amsa da 7, 7, a yi ta sarƙawa. A zamanin shahararren mawaƙinsu Matsuo Basho (1644 zuwa 1694) sarƙa mai baiti 36 aka fi yi. Baitin buɗewar ya riga ya fara tsayawa da ƙafarsa, sai a ƙarshen ƙarni na 19 mawaƙi Masaoka Shiki, ɗan garin nan da nake, ya tabbatar masa da sunan haiku.

Batun kari kuwa, su ma awo suke yi. Dogon wasali biyu suke ƙirga shi, shi ya sa sunan Tokyo a wurinsu 4 ne. Kusan abin da kuke koya mana ne na gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Don haka gaɓa 17 ɗinmu ta fi tasu tsawo.

Yaya ta Damagaram kuma ta dace da Yosa Buson, wanda mai zane ne kuma mawaƙi. Haɗa zane da haiku a takarda ɗaya suna kiransa haiga, kuma abin da ake yabawa a ciki shi ne tazarar da ke tsakanin zanen da waƙar. Waƙar Basho da ta fi shahara, ta 1686, tsohon tafki ne kawai da kwaɗo da ƙarar faɗawarsa ruwa. Ka ɗauki hoton tafkin, ƙarar fa?

Ga 7, 7 na amsa baitin bashi:

Kofin da babu hannu
Ya zaga duk unguwa

Malam Na-Zaure:
To Japanawa sun san nauyin gaɓa,
Ashe ba wasa suka zo yi ba.
Amma kwaɗo ɗaya ya faɗa ruwa,
Shekara 300 ba a manta ba?
Namu suna kwana kuka a Agusta,
Ko tukwici ba a ba su ba.
Bari tsoho ya gwada irin taku,
Kar a ce Malam bai iya ba:

Da sunan Allah
Salati ga Manzonmu
Waƙa ta ƙare

Kun ga matsalata. Kafin in shiga zance wuri ya cika.

Mai Hoto:
Baba, ka sa na ƙware da shayi. Amma bari in faɗi gaskiya.

Ƙanwata kin taɓa inda ke ciwo,
Ga kuma abin da ke damuna:
Satin farko hotuna kamar ƙasa,
Kowane lungu sai ya kira idona.
Da aka kai arba'in rijiya ta ƙafe,
Katanga ɗaya, akuya ɗaya a layina.
Ran nan na sato tsohon hoto na saka,
Ashe ciyawa shar a bayan babur ɗina.
Wani ya ce, "Hunturunku da ruwa yake?"
Na kashe waya na ja bargona.

Ɗalibin Matsuyama:
Yaya Mai Hoto, kai da kake da layi guda da akuya ai kana cikin daula. Shiki tarin fuka ya shiga ƙashin bayansa, ya shafe shekarunsa na ƙarshe a kwance a wani ɗan gida a Tokyo. A 1902 kusan kullum sai ya aika wa jarida rubutu daga shimfiɗar jinya, har zuwa kwana biyu kafin rasuwarsa ranar 19 ga Satumba, yana da shekara 34. Haiku uku na ƙarshe da ya rubuta duk a kan soso ne, wannan dai mai yaɗo da muke wanka da shi, don a can ana tarar ruwan jikinsa a sha saboda majina. Har yau ranar tunawa da shi da sunan soso ake kiranta.

Mai lafiya na neman abin kallo,
Majinyaci ya samu ta taga.
Soso ne, ba furen sarauta ba,
Irin wanda ke hawa danga.

'Yar Damagaram:
Yaya, ba a ce ka tafi Agadas ba,
Leƙa bayan ɗakin Inna tukuna.
Akuyar jiya ba ita ce ta yau ba,
Jiya tana rana, yau tana inuwar zana.

Mai Hoto:
Na leƙa. Ashe akwai shi a dangar gidanmu, ya bushe ƙayau, ɓawon ya tsage, in iska ta kaɗa sai ka ji 'ya'yan na ƙara a ciki. Shekara nawa ina wuce shi. Shi ne hoton kwana na 64, kuma ban ambaci sunansa a waƙar ba:

Iskar hunturu
Inna ta dafa ruwa
Yara sun ɓuya

Malam Na-Zaure:
Yauwa ɗana, wannan kam na ji ta, don ni ma bayan rumbu nake ɓuya. Ga 7, 7 ɗina. Da yatsu na ƙirga, jikata na tsaye tana yi mini dariya.

Kaushi ya ci ƙafafu
Man kaɗanya ya ƙare

'Yata ta Damagaram, saura ke. A fitar da mu daga sanyin nan, a kai mu lokacin mangwaro.