Kumfa a fitsari da kumburin ƙafa: muhawarar da ta ɓarke a zauren Hausawa mazauna Makka da Jidda

Ɗan Shara Mansur: Assalamu alaikum. Cikin ɓacin rai nake wannan rubutu. Kawuna, wanda da yawanku kun san shi da tura keken gajiyayyu a Harami, yana kwance a asibiti, kuma likitoci sun ce ƙodojinsa sun gaza, babu makawa sai wankin ƙoda sau uku a mako. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun kafin Hajjin bara yake cewa fitsarinsa yana kumfa, irin kumfar da ba ta kwanciya ko an kora ruwa, daga baya takalminsa ya daina shigarsa da yamma, fatar idonsa ta riƙa kumbura da asuba, ga yawan tashi fitsari cikin dare. Aka ce sanyi ne, aka aiko masa da jiƙo daga gida. Aka ce tsayuwa ce ta yi masa yawa. Wata ma cewa ta yi abu ya taka. Mutumin nan yana da hawan jini, amma ba a samu wanda ya ce a je a gwada jini da fitsari ba. Jahilcinmu ne yake kashe mana ƙoda, domin alamun nan ƙarara suka fito.

Baba na Misfala: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Alhaji lafiya, Ya sa kaffara ce. Amma ɗana, ka janye kalmar jahilci. Waɗanda suka yi ɗawainiyar aiko masa da jiƙon nan iyayenka ne, cikinsu akwai mahaddatan Alƙur'ani, kuma ba don su cuce shi suka yi ba. Ciwo da lafiya na Allah ne, kuma na ga mutanen da ba su taɓa sa jiƙo a baki ba, amma suna layin wankin ƙoda.

Malamar jinya a Jidda: Allah Ya ƙara wa Kawu sauƙi. Baba, ku yi mini izini in ajiye maganar kalma, in yi bayani kan alamun, domin akwai gyara kaɗan a maganar ƙanena. Alamun ciwon ƙoda ba su cika fitowa ƙarara da wuri ba. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma idan wasu suka lalace sauran sukan ɗauki nauyin aikin, shi ya sa mutum zai iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa yana ta harkokinsa bai ji komai ba. Kumfar fitsari tana cikin abubuwan da kan riga sauran bayyana, domin ƙoda mai lafiya tana hana furotin na jini fita, amma idan ta samu rauni sai ta zama kamar rariyar da ta yage, abin da ya kamata ya tsaya ya riƙa zuba. Kumburin idon sawu, kasala ta ƙarancin jini, ƙaiƙayin jiki, rashin son abinci da tashin zuciya, yawanci sai tafiya ta yi nisa suke zuwa. Gwaji biyu ne suke tona asirin ciwon da wuri: na kiriyatinin a jini, wato wani dattin da ƙoda ke tacewa, wanda da shi ake lissafa ƙarfin tacewa, da na albumin, wato furotin ɗin da na ambata, a fitsari. Idan ƙarfin tacewa ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata uku, ciwo ya tabbata, idan kuwa ya sauka ƙasa da 15, shi ne ake cewa ƙoda ta gaza. Mai ciwon suga ko hawan jini ya kamata ya yi su duk shekara, ko da garau yake jin kansa.

Direba daga Karantina: Anti, bayaninki ya yi, amma ni ma kalmar ce ta tsaya mini a wuya. Ku da aka haifa a nan, kuke da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama, da inshorar wurin aiki, yana da sauƙi ku kira mutane jahilai. Wanda takardarsa ta mutu, ko kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, ya yi watsi da shi, ba rashin sanin hanyar asibiti ne yake hana shi zuwa ba. Ya san hanyar sarai, tsoro da rashin riyal ne suke mayar da shi ga jiƙo. Wannan talauci ne, a daina canza masa suna.

Ɗan Shara Mansur: Yaya, Kawu yana da iƙama, kuma abin da aka kashe wajen aiko da jiƙo da sassaƙe ya isa a yi gwajin nan har a maimaita. Maganar haihuwa a nan ko a can ba ta taso ba.

Ɗalibi a Madina: Ina ganin an ɗauki kalmar da zafi fiye da kima. A wurin malamai jahilci iri biyu ne, akwai na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, wannan ba abin zargi ba ne, akwai kuma na wanda bai sani ba amma yana ganin ya sani, har yana ba da fatawa. Abu Dawud ya ruwaito labarin mutumin da ya ji rauni a kai, abokan tafiyarsa suka ce dole ya yi wanka, ya yi, ya rasu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi musu faɗa mai tsanani, ya nuna cewa maganin rashin sani shi ne tambaya. Wanda ya ga ƙafa ta kumbura ya yanke cewa sanyi ne ba tare da gwaji ba, a wane ɓangare za mu sa shi? Haddar Alƙur'ani daraja ce babba, amma ba ta sa mutum ya san adadin kiriyatinin.

Baba na Misfala: To, mun gode, Ustaz. Yau kuma yaran da muka tarba a tashar mota ne suke raba mana jahilci gida biyu.

Mai zuma da habbatus sauda: Tunda an zo kan jiƙo, bari mu ma mu faɗi tamu. Kowa ya san masu tura keke, daga ɗawafi zuwa Safa da Marwa, da Voltaren da Brufen suke kwana suke tashi saboda ciwon baya da gwiwa, cikin zafin da ko hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Waɗannan ƙwayoyi ba daga Kano aka aiko su ba, a kantin magani ake sayar da su. Me ya sa ba a kira mai shan su jahili ba, sai mai shan sassaƙen da kakanninmu suka rayu a kansa?

Malamar jinya a Jidda: Alhaji, a nan kun yi gaskiya. Diklofenak da ibuprofen, wato Voltaren da Brufen ɗin da kuka ambata, suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma haɗarinsu yana ƙaruwa ga mai hawan jini, ko wanda jikinsa ya bushe da gumi, ko wanda ya mayar da su abin sha kullum. Sai dai wannan bai wanke jiƙo ba. Ƙwaya an san abin da ke cikinta da adadinsa, jiƙo kuwa ko mai haɗa shi ba zai iya faɗin ƙarfin wannan kwalba a kan waccan ba, kuma wanda aka sa wa kanwa yana ƙara wa jiki sinadarin gishiri, alhali mai kumburi rage shi ake so ya yi. Babbar ɓarnar ma ita ce watannin da aka ɓata ana jiran ya yi aiki. Kuma tunda kun ambaci ciwon baya, mutane da yawa suna zaton shi ne alamar ciwon ƙoda, alhali mafi yawansa daga ƙashi da tsoka yake. Tsakuwar ƙoda ce take zuwa da azabar kwiɓi, lalacewar da ke bin hawan jini da suga kuwa shiru take yi.

Direba daga Karantina: Idan jahilci ake nema, a duba matan da suke shafe jiki da man bilicin, ana cewa shi ma yana taɓa ƙoda.

Hajiya ta Rusaifa: Malam Direba, mara lafiyar namiji ne, mai rubutun namiji ne, mai sayar da zumar namiji ne, amma sai da kuka nemo hanyar da za ku dire a kan mata. Wa yake sayen maganin ƙarfin maza na bakin titi wanda babu ko suna a jikin kwalbarsa? Wa yake cewa miya ba ta ji gishiri da dunƙule ba, alhali likita ya hana shi? Mu ne muke wanke banɗaki, mu ne muke fara ganin kumfar nan, idan mun yi magana a ce mun cika sa ido.

Malamar jinya a Jidda: Hajiya, kowa yana da rabonsa. Wasu mayukan sauya fata suna ɗauke da sinadarin makuri, kuma an tabbatar yana sa furotin ya zuba a fitsari. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule.

Ɗan Yobe mazaunin Aziziyya: Ni kalmar ta yi mini ciwo ne saboda inda na fito. A Gashuwa an daɗe ana kuka da ciwon ƙoda, ya kama malami, ya kama ma'aikacin gwamnati, ya kama manomi, wasu suna zargin ruwa, wasu maganin feshi. Duk garin ne jahilai? Kuma tun 2010 masana suka gano wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ya yawaita a cikin mutanen Afirka ta Yamma, yana ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi yawa. Abin da aka haife ka da shi ba karatu ne yake cire shi ba.

Ɗalibi a Madina: Wannan hujja ai ta mai rubutun ce, domin wanda ya san danginsa suna da ciwon shi ya fi cancanta ya riƙa gwaji.

Shugaban zaure: Jama'a, magana ta yi tsawo, bari in taƙaita abin da aka cim ma. An yi ittifaƙi cewa kalmar jahilci ba ta dace ba, kuma muna jiran ɗanmu ya ba iyaye haƙuri. Ma'aikaciyar lafiya da kanta ta tabbatar cewa ƙwayoyin kantin magani ne suke lalata ƙoda, kuma ɗan uwanmu na Yobe ya nuna cewa abin gado ne, don haka babu hujjar ɗora laifi a kan magungunanmu na gargajiya, waɗanda ni kaina shekara da shekaru ina amfani da su. 'Yan uwa mata su kula da mayukan shafawa. Duk wanda ya ga kumfa ko kumburi ya yawaita shan ruwa sosai don ƙodarsa ta wanku. Za a buɗe asusun taimaka wa Alhaji bayan sallar Juma'a.

Malamar jinya a Jidda: Ranka ya daɗe, ban ce ƙwayoyi kaɗai ba ne, kuma gwaji biyun da na ambata sun faɗi daga taƙaitawar. Amma abin da ya fi gaggawa shi ne maganar ruwa, ina roƙon a goge ta. Shan ruwa yana da amfani ga mai lafiya da ke aiki a rana da mai tsakuwar ƙoda, amma wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura saboda ƙoda ko zuciya, ruwan da ya ɗura ba fita zai yi ba, yana iya taruwa a huhunsa har numfashi ya gagare shi. Shi kansa Kawu yanzu auna masa abin sha za a riƙa yi, don haka masu zuwa dubiya su tambayi ma'aikatan ɗakin kafin su miƙa masa kofi.