"Babba juji ne": shin shugaba shiru zai yi ana zuba masa shara?

Telan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Yau ni na zo da karin magana, kuma da zafinta na zo. Shagon ɗinki gare ni, mu bakwai ne har da ni: masu keke huɗu, mai aikin wuya ɗaya, sai yaron da ke guga da sa maɓalli. Ana saura kwana uku sallar da ta wuce, ɗaya daga cikin yarana ya yanka shaddar wani Alhaji da awon wani mutum daban. Riga ta fito hannu a ɗage, wando kamar na ƙanensa. Alhaji ya tsaya a bakin shago ya wanke ni tas, maƙwabta na ji. Ban ce masa ba ni na yanka ba. Na shiga Kantin Kwari na sayo wata da kuɗina, muka kwana a kanta. Da na ba Baba labari, abin da ya ce kawai shi ne, "Babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba." Maganar nan ta tsaya mini a wuya. Wato duk wanda Allah ya ɗora a kan mutane sai ya yi shiru har ya ruɓe? Shekara shida da buɗe shagon nan, ban ga na ƙaru da komai ba sai furfura.

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Baba bai faɗi ba daidai ba. Malamai biyar ne a ƙarƙashina, kuma na lura da abu ɗaya: ranar da suka daina kawo mini ƙorafi, ba ƙorafin ne ya ƙare ba, wani wurin suka samu suna zubarwa, galibi a bayan idona. Gidan da babu juji, a tsakar gida ake tara shara. Gara su zuba a kaina, na san abin da ke ciki.

Direban Tirela:
Hajiya, ki yi haƙuri, ni ban yarda ba. Karin maganar nan ita ta lalata yaran mota da yawa. Yaro ya manta bai duba mai ba, inji ya buga a tsakiyar daji, sai a ce oga yi haƙuri, babba juji ne. Ina kuma aka bar "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi"? Tela, tambaya ɗaya: me ka yi wa yaron?

Telan Fagge:
Ban yi masa komai ba. Na dai yi mako guda ban amsa gaisuwarsa da kyau ba.

Direban Tirela:
Ka ji ko. Bai sha faɗa ba, bai koyi yanka ba, kai kuma ka kwana da ciwon kai. Kowa ya yi asara sai mai shadda a Kwari.

Dattijon Ungogo:
Bari in sa baki, 'ya'yana, don ina ganin juji ne ba ku sani ba. Ku yaran yanzu da an ce juji sai ku tuna bolar bakin titi, cike da leda da robar ruwa. Jujin da masu karin magana suka sani daban ne: toka ce, da kashin awaki, da ɓawon gyaɗa, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida. Muna yara, da rani ya yi sai ka ga jakai jere da mangala, sun kai itace cikin birni, sun dawo da taki daga jujin gidaje zuwa gonakinmu. Da wannan takin ƙasar da ke kewaye da Kano take ba da dawa da gero shekara da shekaru, gona ɗaya ba a hutar da ita. Kuma kowa ya san inda kabewa ta fi yin yaɗo a bayan gida.

To juji ba ya mayar wa kowa da shararsa, gaskiya ne. Amma ba ya barin ta yadda aka kawo ta. Zagin da Alhaji ya zuba maka, da ka zaunar da yaron bayan salla ka ce ɗauko tef da alli mu ga inda aka kauce, da ya zama taki. Gabar mako guda da ka yi da shi leda ce, ko shekara goma ta yi a ƙasa haka za a tono ta.

Bakatsiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Mu tsofaffinmu jibji suke cewa. Abin da zan ƙara game da amfani da ita ne. Kowace karin magana tana da bakin da ya dace ta fito. Wannan lallashi ce, na sama ko tsara ke faɗa wa babba don ya huce, kamar yadda mahaifin Tela ya yi. Amma yaron da ya ɓata shadda ya buɗe baki ya ce "ai oga babba juji ne", wannan rashin kunya ce tsagwaronta. Ina jin abin da ya ɓata wa Direba rai ke nan, ya saba jin ta daga bakin masu laifi.

Direban Tirela:
To a nan mun daidaita, Yaya.

Almajirin Zazzau:
Ni inda Tela ya ce bai ƙaru ba ne ya ja hankalina. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa dukanmu makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayi kuwa ba a jikinsa ake duba ƙiba ba, a garke ake dubawa. Sannan iya ɗinki daban, iya riƙe mutane daban, na biyun ma koyon sa ake yi. Ko Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ya sauka Kano a farkon jihadi, mutanen gari roƙon sa suka yi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da jama'a, ya rubuta Liya'ul Hukkami, alhali akwai malamai a cikinsu. Malam Tela, cikin shekara shidan nan mutum nawa ka yaye?

Telan Fagge:
Kai, wannan tambaya ta kama ni. Ko ɗaya. Kuma tunda an zo nan bari in faɗi sauran. Ni kaɗai nake yanka a shagon, su ɗinki kawai suke yi. Ranar nan aiki ne ya sha kaina, wuta ta ɗauke, janareta na tari, sai na jefa wa yaron shaddar na ce duba littafi ka yanka. Littafin awon kuwa duk ya yage, kuma a shafi ɗaya na rubuta "Alhaji" sau biyu, babu suna babu lambar waya, don ni na san wane ne wane. Ya ɗauki na sama, ashe na ƙasa ne.

Bakatsiniya:
Ikon Allah! In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ashe wani ɓangaren sharar daga ɗakinka aka sharo ta.

Telan Fagge:
Na karɓa, ko da yake wanzami ba ya son jarfa. Gaskiyar magana tsoro ne ya hana ni koya musu yanka. Duk wanda ya iya almakashi, tafiya zai yi da kwastomomina.

Mai Gyaran Waya:
Kada kowa ya raina wannan tsoron. Ni ya faru da ni. Shekara uku ina koya wa yaro, har sirrin da ban gaya wa ƙanena ba, ya tashi ya kama teburi layi ɗaya da ni, yana kiran mutanena yana rage musu kuɗi. Har yau in na wuce sai ya sunkuyar da kai. Masu cewa taki, taki, wani lokacin a gonar wani yake yin amfani.

Dattijon Ungogo:
Haka ne, ɗana, ba zan ce maka ƙarya ba ne. Amma iyayenmu sun san da wannan tun a gandu. 'Ya'ya da ƙanne suna noma gonar gandu tare, maigida ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Duk da haka sai ya yanka wa kowa gayaunarsa, ya bar masa lokacin da zai noma ta, abin da ya samu nasa ne. Maigidan da ya hana gayauna shi gandunsa ke saurin watsewa, kuma a watse da gaba. Wanda ya bayar, ko sun ware, ranar da ya kira gayya za su zo da fartanyarsu. Tafiya dai za su yi ko ka koya musu ko ba ka koya ba. Ni dai na fi son wanda ya fita ta ƙofa da addu'ata.

Mai Gyaran Waya:
Baba, nawa ta ƙofar ya fita, har walima na yi masa.

Malamar Firamare:
Allah ya huci zuciyarka, Malam. Naka jujin sai an haɗa da ruwan sanyi.

Telan Fagge:
Na gode, jama'a. Akwai ragowar yadi mai araha a ƙarƙashin teburi, gobe in Allah ya kai mu zan ba yaron da ya ɓata shaddar ya yanka kaftanin yara ina tsaye a kansa. Ɗinkin yara da gyare-gyare kuma zan bar wa manyan biyu su riƙa karɓar kuɗinsu, mu ga yadda gayaunar za ta kasance. Saura abu ɗaya: da niyyata in cire kuɗin shaddar daga ladansa kaɗan-kaɗan. In cire ko in bari?

Direban Tirela:
Da safe da ka tambaye ni, duka zan ce. Yanzu da na ji labarin Alhaji biyu, ku raba, kuma kai ka ɗauki kaso mai tsoka. Sannan don Allah ka sayi sabon littafi.