Neman kalma: me za mu kira gaskit ɗin murfin bawul?

Mai_Fassara: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, ina fassara shirin rediyo ne kan kula da tsofaffin motoci, ranar Alhamis za a ɗauka, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Abin nan da ake shimfiɗawa tsakanin murfin bawul da kan inji don kada baƙin mai ya yi yoyo, takardar ta kira shi valve cover gasket. Bayanin shi ne idan ya daɗe yana shan zafi sai ya bushe ya taurare, mai ya fara naso ta gefen murfin. Me zan ce?

Oga_Sifana: Wa alaikumus salam. Gaskit. Wasu tsofaffin makanikai fakin suke cewa. Duk wanda ka ɗauka za a gane.

'Yar_Aji: Matoshi fa? Ko maliƙi, a kan awon mabuɗi da magogi.

Oga_Sifana: Ƙanwata, matoshi rami yake toshewa, wannan kuwa zagaye bakin murfi yake yi. Maliƙi kuma don Allah a bar shi. Dama fama muke da masu lafta gam. Ɗan ɗigo kawai ake sawa a kusurwoyi, inda gaskit ɗin ya hau tudun kamshaf, sandar nan da ke juyawa tana buɗe bawul. In aka cika shi, abin da ya tsatso ta ciki sai ya ɓalle ya faɗa cikin mai, ya je ya toshe rariyar famfon mai. Ka ce maliƙi a rediyo, gobe kowa ya sayo gam.

Malam_Nahawu: Gammo. Na daɗe ina faɗa. Me gammo yake yi? Yana shiga tsakanin kai da kaya, ya danne, ya hana guga. To ga kan inji, ga murfi a bisansa, ga abu mai taushi a tsakani. Gammon murfi. Kalma tamu, ba mu roƙo a wurin kowa ba.

'Yar_Aji: Kai, wannan ta yi daɗi a kunne.

Direban_Dare: Allah ya gafarta Malam, daɗi kam akwai, amma gammo ba ya hana zuba. Kuma da an ce gammo an ce kai, mai sauraro zai ɗauka babban gaskit ɗin ake nufi, na tsakanin kan inji da bulok, wato gangar jikin inji. Wancan in ya ƙone ruwa ya haɗu da mai, mota ta yi ta zafi, sai an sauke kan inji. Na murfi kuwa notuna ne kawai a kwance. In aka cakuɗa su, mai mota zai biya kuɗin babban aiki a kan ƙarami.

Malam_Nahawu: Sai a ce babban gammo da ƙaramin gammo. Matsalarmu ke nan, duk abin da ya fito daga bakin Bature sai mu haɗiye, namu kuma mu yi ta neman aibunsa.

Oga_Sifana: Malam, da mota da inji da bawul duk daga ina suka zo? Ko littafi da alƙalamin da kake koyarwa da su aro ne daga Larabci.

Malam_Nahawu: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru, sun zama 'yan gida. Kuma ba a gareji ake yanke hukuncin harshe ba.

Oga_Sifana: Amma a gareji ake sayen abin. Ka tura yaro ya ce a ba shi gammon murfi ka ga abin da zai dawo da shi.

Direban_Dare: Malam, wannan magana ta gareji ba ta yi ba. Su ke riƙe da abin a hannu kullum.

Malam_Nahawu: Ban raina sana'ar kowa ba. Cewa na yi kowa da fagensa.

Mai_Fassara: Ku yi haƙuri iyayena, Alhamis fa na matsowa. Oga, tunda kana nan, akwai wurin da aka ce kada a matse notunan da yawa. Na zaci matsewa ce ke hana yoyo?

Oga_Sifana: A nan ake kashe murfi. Na tsofaffin motoci da yawa falankin ƙarfe ne mara kauri. Ka ƙara ƙarfi, bakin ramin notin ya lotsa, gaskit ya murƙushe a nan, tsakanin noti da noti kuma ya saki. In na ɓawon itace ne, irin abin toshe kwalba, tsagewa ma yake yi. Ƙananan notunan nan galibi 8 zuwa 10 Nm ne, wato awon ƙarfin matsewa, amma a duba littafin motar. A fara daga tsakiya, a riƙa tsallakawa gefe da gefe har a fito baki. Kafin nan a kankare tsohon gaskit, a goge wurin ya bushe tas, a ɗora rula ta ƙarfe a ga ko murfin ya karkace. Kuma ka gaya musu su duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe, iskar cikin inji ba ta da mafita, sai ta turo mai ta gaskit, ko da sabo ne fil.

Direban_Dare: Ka ƙara da alamomi: ƙaurin ƙonannen mai in ya ɗiga kan bututun salansa, da mai a ramin fulogi har inji ya riƙa sarƙewa.

'Yar_Aji: To matarin mai fa, daga tarewa?

Mai_Fassara: A rediyo za a ji kamar matatar mai. Ga abin da zan yi: farkon ambato in ce "gaskit ɗin murfin bawul, wato shimfiɗar da ke hana baƙin mai yoyo", daga nan in ci gaba da gaskit ɗin murfi. Ɗayan kuma gaskit ɗin kan inji.

Malam_Nahawu: Shimfiɗa dai ta fi babu. Amma ban janye gammo ba, kuma jam'in fa? Gaskit-gaskit za ku ce?

'Yar_Aji: Gaskitoci, kamar motoci.

Oga_Sifana: Ni dai ban taɓa jin wanda ya faɗi haka ba.

Mai_Fassara: Guda ɗaya ne a shirin, jam'in ya jira wani makon. Na gode.