Lambatun layinmu a Garwa: ƙofar wa za mu buga, kuma a wane wata?

Ɗan Bakin Kogi:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman haske daga waɗanda suka san aikin meri, wato ofishin magajin gari. Layinmu a nan Garwa ta Kamaru ba shi da lambatu, ruwan unguwar da ke samanmu a kanmu yake sauka, duk Agusta sai ya shiga zauruka ya ci gindin katanga. Tsawon wurin zai kai mita 300, akwai kuma mararraba ɗaya da ke son kwalbati. Dattawa sun ce a rubuta takarda, to a nan aka rabu. Wasu sun ce a kai merin arondisma, wato ta gundumarmu, wasu sun ce babbar meri ta birni, wasu kuma sun ce a wuce wajen su-perefe, wakilin gwamnati a gunduma, kai tsaye. Wanne ne daidai? Kuma da gaske ne wai in takarda ba ta shiga da wuri ba sai wata shekara?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gaske ne, amma bari mu fara da maganar ƙofa.

Tun 2008 Garwa da Marwa da Ngaundere kowacce hawa biyu take: babbar meri ta birni a sama, ƙananan komin uku, wato ƙananan hukumomin arondisma, a ƙasa. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 24 ga Disamba 2019, wadda ta kawo magajin gari zaɓaɓɓe a madadin delegen da gwamnati ke naɗawa a da. Manyan tituna da manyan magudanan ruwa da tsarin gari da izinin gini na babbar meri ne. Ƙananan layukan unguwa, rijiyar burtsatse, ajujuwan firamare, takardar haihuwa, waɗannan na ƙaramar meri ne. Lambatu ɗaya yana iya taɓa su duka biyu: kansa yana cikin layinku, wutsiyarsa tana zuba a magudanar babban titi. Don haka ku rubuta wa magajin garin arondismanku, ku aika kwafi ga magajin babban birni. Su-perefe ku ba shi kwafi don ya sani kawai, ba daga asusunsa ake wannan aiki ba. Perefe, na sama da su-perefe, shi ke amincewa da kasafin bayan kansiloli sun kaɗa ƙuri'a, amma ba shi ke zaɓar layin da za a gyara ba.

Takardar a yi ta da Faransanci, gajera, shafi ɗaya. A saka tsawon wurin da mita, yawan gidajen da ruwa ke shiga, da inda ruwan zai fita. A haɗa hotuna na lokacin da ruwan ke kwance, lawan ko jauro ya sa hannu da hatimi, kwamitin unguwa ma ya sa. A kai ofishin karɓar wasiƙu, kada a miƙa wa wani a bakin masallaci don an san shi. Ku tafi da kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata da lamba a kan naku. Takardar da ba ta da wannan lambar, in ta ɓata ba wanda za ku tambaya.

Sai lokaci. Shekarar kuɗi daga 1 ga Janairu take zuwa 31 ga Disamba. Majalisa tana zaman yau da kullum sau ɗaya duk wata uku. A tsakiyar shekara ake muhawarar alƙiblar kasafi, inda ake shata abin da za a sa gaba a shekara mai zuwa, sannan a ƙarshen shekara a kaɗa ƙuri'a kan kasafin kansa. Abin da mutane ke yi shi ne su jira ruwan Agusta ya yi ɓarna, su yi ta kai-komo har Oktoba, lokacin kuwa ma'aikatan meri sun riga sun jera ayyuka sun ƙulle lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hotunan wannan damina ku adana, takarda ta shiga tun Fabrairu ko Maris, sannan ku sami kansila ɗaya da zai riƙe maganar a kwamitin kuɗi da na ayyuka. Ku kuma tambaye shi ko yana cikin waɗanda aka wakilta zuwa majalisar babbar meri, don ba kowane kansilan arondisma ke zama can ba.

Zaman majalisa a buɗe yake, kowa na iya shiga ya saurara, sai dai ba ya magana. Doka kuma ta ba duk mazaunin gari ko mai biyan haraji damar neman kwafin kasafi da rahoton zama, ya biya kuɗin kwafin da kansa. In kun duba ba ku ga sunan layinku da adadin kuɗi a gabansa ba, to alkawari kuka samu.

Mai Awon Titi:

Baba Akawu ya gama maganar takarda. Ni abin da zan ƙara, kada ku rubuta "muna son lambatu" ku tsaya nan. Aikin da ba shi da awo da zane da ƙiyasin kuɗi ba ya shiga kasafi, ana ce masa bai nuna ba. Ku roƙi sashen fasaha na meri su zo su auna gangaren, kuma farkon abin da za su tambaya shi ne ina ruwan zai je. Lambatun da ba shi da mafita kududdufi ne mai bangon siminti, sauro kawai zai tara muku, ko ya kwashe ruwanku ya juye wa layin da ke ƙasa a wayi gari ana ƙara wajen lawan.

Ga ɗan lissafi da za ku iya yi a zaure. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 mita-kib 10 ne. A ce filin da ke zubo muku hekta 10 ne, aka yi ruwa milimita 50 cikin awa guda: mita-kib 5000 ke nan. Unguwar da ta cika da kwano da daɓen siminti ba ta shan ruwa sosai, mu ce kashi 60 cikin 100 ya gangaro, 3000. Lambatu mai faɗin santimita 60 da zurfin 60, ko ruwan na gudun mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, bai kai ya ɗauke 2000 a awa ba. Wato tun ranar da aka ƙaddamar da shi ya yi kaɗan, balle yashi da leda sun cinye rabinsa. Wannan ne ya sa za ka ga sabon lambatu ruwa na bi ta kansa, mutane su ce an ci kuɗi, alhali wani lokaci girman ne ba a lissafa ba.

Gangare kada ya gaza santimita 50 a kowace mita 100, in ba haka ba yashi zai kwanta. Ana fara gini daga mafita a hau sama, ba daga ƙofar gidan mai faɗa a ji ba. In kuɗi suka yanke a tsakiya, wanda aka fara daga ƙasa yana aiki, wanda aka fara daga sama kuwa ya zama masifa.

Kankare mai rodi buhu 7 na siminti ne, mai kilo 50, a kowace mita-kib. Shimfiɗar ƙasa da ake fara zubawa buhu 3 ta isa. Rodi ya nutse cikin kankare aƙalla santimita 3, in ya leƙo zai yi tsatsa ya fasa bangon daga ciki. Yashin mayo a duba shi: a zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, in laka mai kauri ta kwanta a saman yashin sai an wanke ko a sauya. Da zafin Maris da Afrilu na Garwa, kankaren da ba a shayar da shi ruwa safe da yamma har kwana 7 ba ƙonewa yake yi, ka murza da yatsa ya zube. Kwalbatin mararraba kuma kada mota mai kaya ta hau shi kafin kwana 28. Bututun da bai kai santimita 80 ba ban ba ku shawara ba, don in ya toshe ba mai iya shiga ya yashe. Dalo, wato kwalbati mai kusurwa huɗu, ya fi, ko da ya fi tsada.

'Yan'uwanmu na wajen Marwa da ke kan baƙar ƙasar karal, ita sai an ƙware ta an cike da jan burji an daddaɓe, don tana kumbura da damina ta tsage da rani, ta karya lambatun kamar rake.

Inna Mai Lissafi:

Malamai sannunku da ƙoƙari. Ni dai ina ganin an ɗora wa yaron nan babban kaya tun daga farko. Mita 300 na kankare da dalo ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ƙaramar meri, gara ya san haka.

Kuɗin komin daga ina suke? Kuɗin rumfa da tikitin kasuwa, na mahauta, na tasha, harajin ƙananan 'yan kasuwa, sai kason da ake ƙarawa kan harajin gwamnatin tsakiya. TVA, harajin da ke kan kayan da muke saye, da muke biya 19,25 cikin 100, asalinta 17,5 ce, ɗorin na komin-komin ne, kuma wani ɓangare ta hannun FEICOM, asusun gwamnati na tallafa wa komin-komin, yake biyowa a raba. Sai abin da gwamnati ke turowa don ayyukan raya ƙasa. Doka ta ce aƙalla kashi 40 na kasafi ya tafi ga ayyuka, gudanarwa kada ta wuce 60, albashi kuma kada ya wuce 35 cikin kuɗin gudanarwar. A takarda ke nan. Kasafi hasashe ne, in abin da aka tara bai kai ba albashi da man mota ba sa jira, lambatu ne ke jira. Kuma magajin gari umarnin biya kawai yake sa wa hannu, mai riƙe da asusu shi ne resebar, in babu kuɗi a ciki sa hannun ba ya haifar da ko dala.

Saboda haka ku raba buƙatarku gida biyu. Na farko abin da za a iya yi kafin ruwan Mayu: yashe tsohuwar hanyar ruwa, a turo gireda ta fitar da gefen titi, a zuba burji 'yan tifa. Duk abin da bai kai sefa miliyan 5 ba da takardar oda ake yinsa, ba sai an yi gasar kwangila ba. Daga miliyan 5 zuwa sama sai an buga sanarwa, kwamitin kwangila ya buɗe ambulan, a tantance, a sa hannu, watanni ke nan. In aka makara wajen buga sanarwar, ɗan kwangila zai karɓi umarnin fara aiki ruwa na zuba, ya haƙa rami ya cika, sai kaka.

Na biyu shi ne babban aikin. Ku tambaya ko layinku na cikin kundin tsarin raya komin, wanda ake kira PCD. FEICOM da masu ba da tallafi daga waje can suke fara dubawa. Manyan tituna da magudanan da aka yi a Garwa da kuɗin C2D, wato bashin Faransa da aka mayar kuɗin raya ƙasa, su ma daga shirin da aka tsara tun da daɗewa suka fito, ba daga wasiƙar wata guda ba. In kuma unguwa za ta kawo gudummawa, yashi ko leburori ko wani kaso, a rubuta a takardar. Yana ɗaga buƙata sama. Amma kuɗin hannu kada a ba kowa sai da rasit na asusun meri.

Ɗan Bakin Kogi:

Allah ya saka da alheri, Baba da Inna da Malam. Saura abu ɗaya da ban faɗa ba. Gidaje biyu sun fito da katangarsu kan hanyar ruwan. Wannan zai hana aikin? Kuma in Allah ya sa an ba da kwangilar, mu me za mu iya sa ido a kai?

Tsohon Akawu:

Zai iya tsayar da shi, don ba a son fara aiki a filin da ke da rigima. Dokar tsarin birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta hana gini a wurin da ambaliya ke ci, kuma wanda ya shigo kan hanya ba da izini ba ana ba shi takardar gargaɗi da wa'adi, a shafa jan fenti a bango, in bai janye ba a rushe. In kuwa katangar na cikin iyakar titir fonsiye ɗinsa, wato takardar mallakar fili, magana ta sauya: sai an bi hanyar karɓar fili don amfanin jama'a an biya diyya, wannan kuwa yana cin shekaru. Don haka a fara duba takardun gidajen biyu, mai awo ya nemo bornonin, wato turakun iyakar fili. Sau da yawa abin bai wuce mita ɗaya ba, kuma in lawan da liman suka zauna da masu gidan aka yi musu alkawarin rufe lambatun da faifan kankare a ƙofarsu, sukan janye da kansu. Abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu, a haɗa da dosiye.

Wajen sa ido, allon da ake kafawa a bakin aiki ku ɗauki hotonsa ranar farko: yana ɗauke da sunan aikin, inda kuɗin suka fito, wa'adi, da injiniyan da ke dubawa. Ƙorafi gare shi ake kaiwa a rubuce, ba a tsaya ana cacar baki da birkila ba. Ku ƙirga buhunan da ke shiga injin kwaɓi, ku auna faɗi da zurfi da tef kafin a zuba kankare, don bayan an zuba ba mai ganin rodin da ke ciki. Ɗan kwangila na iya karɓar kuɗin somi har kashi 20, don haka ganin ya sauke kaya ba ya nufin an biya shi duka. Idan ya gama ana karɓar wucin gadi, a riƙe masa har kashi 10 na kuɗinsa, galibi shekara guda, kafin karɓar ƙarshe. Daminar farko tana faɗawa cikin wannan shekarar. Duk tsagewa, duk inda ruwa ya kwanta ko faifai ya karye, ku ɗauki hoto da kwanan wata ku kai ofishin wasiƙu a buga muku hatimi kafin ranar karɓar ƙarshe, don daga ranar da aka sakar masa kuɗinsa gyara ya koma wuyan meri.