Shawarwarin Masu Kiwo a Zariya Kan Bambancin Sunayen Shanu

A zaman da wasu makiyaya da dillalai suka yi a Zariya, an fi tsayawa kan yadda dabba ɗaya ke amsa sunaye daban-daban gwargwadon yankin da aka fito. Farar saniyar nan mai baƙin kunne da muke kira Bunaji, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana nazarinta, wasu Yakanaji suke ce mata, haka kuma Gudalin Sakkwato mai gajeren ƙaho da yalwar leɓe, Bokolo ce a bakin mutane da yawa.

Saboda haka dattawa suka ba da shawarar kada a ƙulla ciniki ta waya da suna kaɗai, sai an faɗi launi da tsayin ƙaho da girman tozo, an kuma buɗe baki an duba haƙora, domin abin da wani ke kira karsana wani maraƙa yake ɗaukarsa.

Batun cuta ya fi damuna. Bafulatani zai ce boru, Bahaushe ya ce ciwon baki da ƙafa, don haka aka nemi makiyayi ya riƙa zayyana wa likitan dabbobi alamomin da ya gani, kamar dalalar miyau da ɗingishi, kafin a sayi magani.